Injin zuƙe iska na kicin zai iya adana siga a zafin Birnin Kebbi?

Ƙanin Alhaji, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar siga, babbar tabar nan ta ganye zalla da ake naɗewa da hannu. Ni ba na sha. Ajiya ce yayana ya bar mini kafin ya koma wurin aikinsa a ƙasar waje, kuma ba zai dawo ba sai bayan shekara ɗaya ko fiye. Akwai akwati 2 na Kyuba, kara 25 kowanne, ba a buɗe su ba. Akwai akwati ɗaya na Nikaragwa da aka taɓa, saura kara 14, kowanne cikin siririyar ledarsa. Sai wasu guda 9 tsirara a cikin ledar zif.

Ya ce in kula kada su bushe, ya kuma ce in aika wa amininsa akwati ɗaya na Kyuba a Abuja. Yanzu hunturu ya shigo, na duba tsirarun nan na ga 2 sun tsage daga gindi. A gida akwai injin da ke zuƙe iska ya liƙe leda, wanda maiɗakina ke ɗaure kilishi da dambun nama da shi. In zuba su a leda in zuƙe iskar kamar yadda take yi wa kilishi? Yayan ya ce wai siga tana ƙara daɗi in ta daɗe a ajiye, to a cikin ledar ma za ta ci gaba da hakan? Sannan yaya zan shirya na Abuja ya isa lafiya? Amana ce, ba na son in ji kunya.

Dattijon Argungu

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka dakata da maɓallin zuƙar nan tukuna. Injin zai yi maka amfani, amma rabin aikinsa kake buƙata, wato liƙe bakin leda. Ɗaya rabin, zuƙe iska har leda ta manne, shi ne zai lalata maka ajiyar mutane.

Karan siga hawa uku ne. Akwai ganyen ciki, wanda mai naɗi ke jerawa ya bar 'yan hanyoyin iska a tsakani don hayaƙi ya samu wucewa. Akwai ganyen ɗauri da ke riƙe shi. Sai ganyen waje, siriri mai maiƙo, shi ya fi tsada kuma shi ya fi saurin tsagewa, musamman in na Kamaru ne. In ka sa tsiraran kara a leda ka zuƙe, hanyoyin nan na ciki za su toshe, karan ya baje, zanen ramukan ledar ya fito ɓaro-ɓaro a jikin ganyen waje. Ranar da aka yanke ledar, ganyen ciki ya nemi komawa yadda yake, na waje ya fashe. Wanda bai fashe ba kuma mai sha zai yi ta ja hayaƙi ya ƙi zuwa.

Siga tana son laima kashi 65 zuwa 70 cikin 100 da sanyi digiri 16 zuwa 18. Wannan shi ne abin da kamfanin Habanos, mai fitar da sigar Kyuba zuwa ƙasashen duniya, ya tsayar. Kai kuwa kana garin da laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20 da ranar hunturu, a Afrilu zafi ya haura digiri 40, a Agusta komai na ɗaki ya riƙa danshi. Leda ba ta gyara siga, riƙe ta take yi a yadda ka sa ta. In ka rufe busasshiya, busasshiya za ka buɗe. In ka rufe mai danshi da yawa, fumfuna za ka tarar. Don haka aikin farko ba na inji ba ne.

Ka nemi ƙaramin ma'aunin laima mai batir, irin wanda masu ƙyanƙyasar ƙwai ke sawa a injinsu. A shagunan kayan kiwon kaji ake samu. Sabo ma yakan yi ƙarya da maki 5 ko fiye, don haka ka gwada shi da gishiri. Cika murfin kwalba da gishirin miya, ɗiga ruwa har ya jiƙe amma kada ya narke, ka sa murfin da ma'aunin a leda ɗaya ka liƙe ba tare da zuƙa ba, ka bar su kwana ɗaya. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 71, ka san kullum sai ka ƙara masa 4.

Sai abin riƙe laima. Mafi sauƙi ita ce jakar Boveda, 'yar jaka mai ruwan gishiri a ciki, tana ba da danshi in wuri ya bushe, tana tsotsewa in ya yi yawa. Lambar da ke jikinta ita ce laimar da take riƙewa: akwai 62, 65, 69, 72. A nan wajenmu 65 ce daidai. Mai 72 kuwa, a zafinmu fumfuna take gayyatowa. Mai giram 60 guda ɗaya tana isar kara 25, mai giram 8 tana isar kara 5. Kada ka haɗa lambobi biyu a leda ɗaya, ƙaramar za ta yi ta shanye babbar. In ka taɓa ka ji ta taurare, ta gama aiki.

Ba kayan kantin unguwa ba ce, ka sa yayanka ya aiko ko a taho maka da ita. Kafin ta iso, ka samu sabuwar roba mai murfin da ke kama baki sosai, ka wanke ta, ka shanya har warin roba ya fita. Ka yanki ɗan sabon soso ka sa a murfin kwalba, ka jiƙa shi da tataccen ruwa na kemis. Ban da ruwan famfo da na rijiya, ban da ruwan batir, domin wani da asid a ciki. Ka sa shi cikin robar tare da sigar da ma'aunin, amma kada soson ya taɓa siga. In ma'auni ya haura 68, cire soson ka bari ya sauko.

Guda 9 ɗin nan su ne ke cikin haɗari, kuma gaggawa ce za ta ƙarasa su. Gindin kara a buɗe yake, ta nan ganyen ciki ke shan danshi ya kumbura tun na waje bai yi laushi ba, sai ya fashe. Ka fara da 60 zuwa 62 na mako 2, sannan ka kai su 65 na wasu mako 2 zuwa 4, kana juya su duk bayan 'yan kwanaki. Yadda za ka gane sun dawo: ka matsa kusa da gindin a hankali tsakanin yatsu biyu. In ya ɗan lotsa ya dawo ba ƙara, lafiya lau. In ka ji ƙas-ƙas, da saura. In ya lotsa bai dawo ba, ya sha fiye da kima. Ruwa zai dawo, amma ƙamshin da ya riga ya tashi ya tafi ke nan.

Akwatunan Kyuba kada ka karya hatiminsu. Katako ne da takarda, danshi zai ratsa ta gefe a hankali. Kowane akwati ledarsa daban, jakar 65 mai giram 60 a kan murfin, ma'auni a ciki fuskarsa na kallon waje don ka karanta ba sai ka yanke ba. Na Nikaragwa ka bar su cikin siririyar ledarsu, ita ma laima na ratsa ta, kuma tana kare ganyen waje daga gogayya. Cike gurbin waɗanda aka cire da farar takarda mara tawada don kada su yi ta birgima. Tsirarun, in sun farfaɗo, ka jera su cikin wani abu mai tauri, shi za ka sa a leda.

Injiniyan Jega

Gaskiya Baba ya faɗa. Bari in ƙara ta ɓangaren injin, don mutane na raina ƙarfinsa.

Ba injin ne ke matse kaya ba, iskar waje ce. Iska na danna kowane santimita murabba'i da nauyin kusan kilo 1. Injin kicin yakan cire kashi 60 zuwa 80 na wannan matsi daga cikin leda. Murfin akwati mai tsawon santimita 20 da faɗin 15, murabba'i 300 ke nan. In inji ya kai kashi 70, nauyin kilo 210 ne zaune a kan murfin. Akwati mai kauri mai murfin zamewa zai iya jurewa. Faffaɗan akwatin nan mai siririn murfi da aka manne da takarda lanƙwasawa yake ya danne layin sama, ita ma jakar Boveda da ke kai tana iya fashewa ta jiƙa katakon.

Wasu kuma na tsoron cewa zuƙar ce ke busar da siga. Ba nan matsalar take ba. Lita ɗaya ta iska mai laima 65 a digiri 25, ruwan da ke cikinta bai kai giram 0.02 ba, alhali kara ɗaya mai giram 12 yana riƙe da kusan giram ɗaya da rabi. Cire iskar bai rage wani abin kirki ba. Ruwa ta jikin leda da bakin da bai liƙu ba yake gudu, kaɗan-kaɗan cikin watanni. Saboda haka hankalinka ya koma kan ingancin leda da kyan liƙi.

In injin na da maɓallin liƙewa kawai, magana ta ƙare: matse iskar da tafin hannu, rufe murfin injin, danna. In yana da wanda ake dannawa ya zuƙa, a saki ya tsaya, ka ɗan taɓa shi sau 2 ko 3 har ledar ta kwanta a jikin akwatin, amma kana iya kama ta da yatsu biyu ka ɗaga. In na atomatik ne, a yawancinsu in ka danna liƙewa yana cikin zuƙa zai tsaya ya liƙe nan take. Ka gwada da fankon kwalin shayi tukuna. In kwalin ya motse, ka makara wajen dannawa, sake gwadawa har hannunka ya saba.

Leda ita ce ta injin, mai ramuka a gefe ɗaya, nailan da roba hawa-hawa, kaurin maikuron 75 zuwa 100 (maikuron 1,000 ne milimita 1). Naɗi mai faɗin santimita 28 shi zai ɗauki akwati, na 20 yakan yi kaɗan. Ka yanke da rarar santimita 10 zuwa 15, don duk sanda ka yanke baki ka duba ka samu inda za ka sake liƙewa. Ledar zif ta cefane ba ta riƙe laima a hunturu, ita ce ta busar maka da guda 9 ɗin nan.

Kusurwar akwati ita ce ke fara huda leda, musamman in ana ja ana ajiyewa. Naɗe kusurwoyin da guntun kwali ko farar takarda kafin ka sa. Liƙi 2 za ka yi, tsakaninsu santimita 1, a baki da gindi duka. Ka ɗaga layin ga haske, ya zama garau daga gefe zuwa gefe. In ka ga fari-fari, wayar injin da ke narka bakin leda ba ta yi zafi ba, kuma yawanci wuta ce ta yi ƙasa ko ƙaramin janareta ne ke tangal-tangal. Jira wuta mai ƙarfi ko ka bi ta sitabilaiza. In layin ya narke har ya yi huji, ka yi liƙi a jere ba hutu. Ba shi daƙiƙa 20 zuwa 30 tsakanin liƙi da liƙi, ka kuma duba tef ɗin da ke rufe wayar ko ya ƙone. In akwai lanƙwasa ko ɗaya a layin, ta nan iska za ta bi, yanke ka sake. Ƙurar hunturu ma in ta hau cikin bakin ledar ba ya kamawa, goge da busasshen ƙyalle.

Abu ɗaya da ba na son ka manta: injin nan ya saba da kilishi. Tiren da ke tare ruwa da soson da ke zagaye bakinsa suna riƙe mai da yaji, ganyen taba kuwa ɗaukar wari gare shi. Cire tiren ka wanke, goge soson, ka bar murfin a buɗe ya sha iska. Ledar da aka taɓa sa nama ko kifi ko daddawa, ko an wanke ta, kada ta zo kusa.

Ajiyar shekara guda, ledar injin ma tana zubar da laima kaɗan. In kana son ƙari, ka sa ta cikin ledar nan mai rufin alminiyam a matsayin riga ta biyu. Santsi ce, injin ba ya zuƙarta, mai kauri kuma da dutsen guga ake liƙe bakinta a kan katako. Illarta ɗaya, ba ka ganin ma'auni.

Ƙanin Alhaji, Birnin Kebbi

Na gode Baba, na gode Injiniya, Allah Ya saka da alheri. Ga wata sabuwa. Da na fito da akwatin Nikaragwa na ga wani ɗan gari-gari ruwan ƙasa a kusurwa, kuma kara ɗaya da ɗan huji zagaye a gefe, har ledar tasa ta huje. Duka akwatunan a durowa ɗaya suke. Ɗakin ba esi, wuta kuma kun san halinta. Tunda buhun PICS yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska, ashe zuƙe iskar ba zai kashe wannan ba?

Mai Rumbu, Zuru

Malam, wannan ya fi bushewar gaggawa, yau za ka fara. Ƙwaron taba ne, ɗan ƙarami ja-ja, tsawonsa milimita 2 zuwa 3. Ƙwansa tun daga ganye yake zuwa. Tsutsar ce ke cin cikin karan, garin da ka gani kashinta ne, hujin kuma ƙofar da babban ya fito. Wato an riga an yi zagaye ɗaya, ka ɗauka an sake zuba ƙwai. Ƙasa da digiri 18 ba ya ci gaba, amma a digiri 30 da ɗan danshi kusan mako 6 ya ishe shi daga ƙwai zuwa babba. Ka lura: laimar da kake shirin mayarwa ita ce za ta ƙara masa ƙarfi in ba ka kashe shi tukuna ba.

Buhun PICS yana aiki ne saboda wake cike yake dam, ƙwari masu yawa ne ke shaƙe 'yar iskar da ta rage har ta ƙare. A akwatin siga 'yan tsutsotsi ne, iskar da ke cikin karan da cikin akwatin ta ishe su, kafin ta ƙare sun gama da kayan. Kuma ƙwaron nan yana huda leda da kwali. Maganinsa firiza.

Baza farar takarda, ka tsayar da kowane kara na Nikaragwa a kan gindinsa ka ɗan buga. Wanda gari ya zubo daga cikinsa, da mai hujin, ka fitar da su daga gidan. Kakkaɓe akwatin ka goge kusurwoyi da busasshen burushi. Sannan duka kayan, har da na Kyuba da tsirarun, kowanne a liƙe shi a leda biyu ba tare da Boveda ko ma'auni ba. A nan rage iska yana da amfani, don iskar da ta rage ita ce ke zama raɓa, amma dai a tsaya inda Injiniya ya ce. Kwana 1 a firij, kwana 3 a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, kwana 1 a firij, sannan yini guda a ɗaki. Akwatin da ba a buɗe ba sanyi na jimawa bai kai tsakiyarsa ba, ba shi kwana 5. Hawa-hawan nan don kada ganyen waje ya fashe ne. Kada ka yanke leda sai ta daina sanyi a hannu, don gumin ya tsaya a bayanta ba a jikin ganye ba. Daskararren kara tsinkewa yake, kada a jefa, kada a ɗora masa kaya. Habanos na daskarar da nata kafin fitarwa, amma tunda sun kwana durowa ɗaya da mai ƙwaro, a haɗa da su.

Kwanakin nan na daskarewa ta gaske ake nufi, ba na firizar da ke narkewa duk dare ba. Daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ka ɗora tsakuwa a kan ƙanƙarar, ka ajiye kusa da ledojin. In ka tarar tsakuwar ta nutse, fara ƙirga daga farko. In taka ba ta riƙewa, nemi mai firizar sola.

Kada ka kusantar da fiya-fiya, ko ƙwayar maganin rumbu, ko kafur. Abu ne da mutum zai sa a baki ya kunna masa wuta.

Bayan nan, ka ajiye su cikin kular ƙanƙara mai murfi mai kyau, a ƙasa, a ɗakin tsakiyar gida mai silin, nesa da bangon da rana ke duka da yamma. Kula ba ta sanyayawa, hana hawa da saukar zafi take yi, kuma hawa da saukar ne ke sa leda gumi daga ciki. Dalilin da ya sa firij bai dace da doguwar ajiya ba ke nan a inda ake ɗauke wuta. In ka sa Boveda ka liƙe, ni a ganina kada ka sake buɗewa har mai ita ya dawo.

Dattijon Argungu

Maganar firiza ba abin da zan ƙara, kuma ita ce gaba da farfaɗo da tsirarun. Inda na ɗan saɓa da Malam Mai Rumbu shi ne batun kada a buɗe, kuma nan ne amsar tambayarka ta daɗewa take.

Ganyen siga ana dafa shi ne da zafin kansa a tsibi kafin a naɗe, kuma ragowar aikin na ci gaba a cikin kara. Shi ya sa sabuwar siga ke fitar da warin amoniya mai hawa hanci a watanninta na farko, wata har shekara. In wannan ya fita, kaifin ya ragu, ganyayen da aka haɗa su shiga juna. Hakan na buƙatar iska kaɗan. A rufaffiyar leda aikin bai tsaya cak ba, raguwa yake sosai, amoniyar kuma ba ta da hanyar fita.

Ka juya akwatin Kyuba ka duba ƙasansa, akwai tambarin wata da shekara. Watan da Sifaniyanci ne a gajarce: ENE Janairu ne, ABR Afrilu, AGO Agusta, DIC Disamba. In bai kai shekara ba, ka yanke bakin ledar duk bayan wata 2, ka bar shi minti 5, ka shinshina, ka taɓa Boveda, ka sake liƙewa. Da asuba za ka yi, a ɗaki rufe, ba da tsakar ranar hunturu ba. In ya haura shekara 2, sau 3 a shekara ya isa. Dubawar ce ma za ta nuna maka fumfuna da wuri a na Nikaragwa: fari-fari a ganyen waje ana gogewa da busasshen ƙyalle a sauke laima zuwa 62, amma in ta shiga gindi ko ta yi kore, karan ya tashi daga aiki.

Kai aikinka ba ka ƙara mata daɗi ba ne, ka mayar wa mai ita yadda ya ba ka. Don haka raguwar nan alheri ce gare ka, musamman a zafin da ke sa komai gudu. 'Yan jakunkunan nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi da na magani, kada ka jefa su ciki da sunan taimako, busarwa suke. Kular kuma ta zama inda yara ba sa kaiwa. Tunda ba ka sha, kada tsadarta ta ja ka ka gwada. Ba ta fi sigari sauƙi ba, ciwon dajin baki da na maƙogwaro duk tana kawowa, ka faɗa wa yayan naka ma.

Ɗan Tasha, Yauri

Ranka ya daɗe, batun na Abuja. Dokar Najeriya ta taƙaita taba ta 2015 ta hana sayarwa ko rarraba taba ta gidan waya ko ta intanet, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Don haka ka bar maganar kamfanin aike, ka ba babban mutum da ka sani ya kai hannu da hannu.

Hanyar Jega, Koko, Yauri, Kontagora tafiyar yini guda ce, kuma zafi ne abokin gabarka, ba nisa ba. But ɗin mota da saman bas da kusa da inji duk sun fita, ƙarfe in ya sha rana ba hannun da ke iya zama a kai. Akwati ya yi zafi, danshi ya tashi daga ganye, a shiga ɗaki mai esi a Abuja ya zama ɗigon ruwa a cikin leda, shi ke bar wa akwati da ganye tabo. Ya zauna a jakar hannu, tsakiyar tufafi, kan cinya ko ƙarƙashin kujera, a kama motar asuba.

Sai bayan ya fito daga firiza ya kuma zauna da Boveda aƙalla mako 2 ma'auni ya tsaya a 65, sannan ya yi tafiya. Busasshe in ya sha gargadar hanya tsagewa yake. Ledar mai ganin ciki za ka sa, ba mai alminiyam ba, domin a shingen bincike abin da ba a gani shi ake farkewa. Sa ledar cikin kwali mai kauri, ka cike kowane gefe da takarda ko soson katifa kaurin yatsa biyu, ka girgiza kusa da kunne. In ka ji motsi, ƙara ciko. Kada ka naɗe kwalin da salatif ta ko'ina, a iya buɗewa a rufe. Ka haɗa masa da sabuwar babbar ledar zif a gefe, in an yanke taka ya mayar da akwatin da Boveda ciki nan take. Kada ya haɗa jaka da turare, kilishi ko busasshen kifin da zai saya a hanya.

Injiniyan Jega

In ta jirgi ne daga filin Ambursa, ƙarin abu ɗaya. Matsin iska a cikin jirgi yakan sauka zuwa kusan kashi 75 na na ƙasa, don haka iskar da ka bari a leda za ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Leda mai rara ba ruwanta, amma wadda ka liƙe tana kumbure za ta ja layin liƙin har ya buɗe. Rage iskar har ta kwanta, ka bar rarar ledar a naɗe. In wata rana yayan ya ce a kai masa na Kyuba Amurka, kada a fara, tun 2020 an hana matafiya shiga da su can.

Ka gaya wa na Abuja kada ya yanke ledar da isarta. Ya bar ta awa 5 ko 6 a ɗakin da za ta zauna, sannan ya buɗe ya mayar da akwatin ma'ajiyarsa, ya ba shi mako 1 zuwa 2 kafin ya karya hatimin.